Shari'ar Grégory: binciken sace wani yaro da kashe shi a Faransa tun 1984

Shari'ar Grégory shi ne sunan da aka laƙaba wa binciken sace wani yaro ɗan shekara huɗu, Grégory Villemin, da kashe shi ranar 16 ga Oktoba 1984, a yankin tsaunukan Vosges da ke gabashin Faransa. An haifi yaron ranar 24 ga Agusta 1980. Yau sama da shekara 40 ke nan kotu ba ta kama kowa da laifin kisan ba, ba a kuma rufe binciken ba. Takardunsa suna hannun kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Dijon. Wanda ya saba kunna RFI a Maraɗi ya sha jin sunan yaron, domin duk bayan ƴan shekaru sai maganar ta sake tasowa. Mutumin Nijar ba zai sha wahalar gane yadda aka bi da ita ba, tunda tsarin shari'ar ƙasarmu gadon na Faransa ne: jandarma su yi binciken farko, a tsare mutum don tambayoyi, sannan alƙalin bincike ya karɓi aikin.

Dangi da "hankaka"

Garin da abin ya faru, Lépanges-sur-Vologne, ƙaramin gari ne a kwarin kogin Vologne, inda a lokacin akasarin mutane ma'aikatan masaƙu ne da ƙananan masana'antu. Vologne ba kamar Gulbin Maraɗi ba ne da sai da damina yake kawo ruwa. Rani da damina yana gudu, ga sanyi. Iyalin yaron manyan dangi ne da suka bazu a ƙauyukan kwarin, aure ya sarƙe su, kowa ya san abin da ke tukunyar kowa.

Uban yaron yana da shekara 26 a lokacin, ya riga ya zama shugaban ma'aikata a wata masana'antar kayan kujerun mota. Ya gina gidan kansa a kan tudu, matarsa tana aiki a kamfanin ɗinki. A cikin dangin da kusan kowa lebura ne, wannan ɗaukaka ta tsone wa wasu ido, har suna ce masa "le chef", wato shugaba, cikin gatse.

Tun daga 1981 wani ya fara buga wa iyalin waya ba ya faɗin sunansa. Wani lokaci muryar namiji ce a dishe, wani lokaci ta mace. Zagi, barazana, da tonon asirin cikin gida irin wanda bare ba zai sani ba. Ya kai ga kiran masu shirya jana'iza ya tura su gidan kakannin yaron alhali ba wanda ya mutu. A 1983 aka koma wasiƙu marasa sa hannu. Faransawa suna kiran mai irin wannan aiki "corbeau", wato hankaka. Iyalin sun naɗi wasu daga cikin kiran a kaset, kuma har yau waɗannan kasusuwan suna cikin kayan shaida. Duk wanda ya san yadda hassada ke cin zumunci ba zai ga baƙon abu a nan ba, sai dai a wannan gida ba a tsaya kan gori da habaici ba.

Ranar 16 ga Oktoba 1984

Da yammacin ranar, uwar ta tashi daga aiki ta biya ta ɗauko ɗanta daga wurin mai reno. Wajen ƙarfe biyar ta sa masa hular ulu, ta bar shi yana wasa a kan tarin tsakuwa a ƙofar gida, ita kuma ta shiga tana guga. Da ta leƙo ba da jimawa ba, babu yaro. Wajen biyar da rabi aka buga wa wan uban waya, mai maganar ya ce ya ɗauke ɗan shugaba ya jefa shi a Vologne, ya rama.

Misalin ƙarfe tara da kwata na dare aka tsinci gawar a cikin kogin, a garin Docelles, kimanin kilomita bakwai daga gida. An ɗaure hannuwa da ƙafafu da igiya, an ja hular ta rufe fuskar. Wani mai ɗaukar hoto ya ɗauki hoton lokacin da ake fito da yaron daga ruwa, jaridu suka buga, ƙasar duka ta girgiza.

Washegari wasiƙa ta iso wa uban. Hatimin gidan waya na Lépanges ya nuna an jefa ta ranar kisan, da ƙarfe biyar da kwata, wato tun kafin a fara neman yaron gadan-gadan. Mai rubutun ya yi wa "shugaba" fatan baƙin ciki ya kashe shi, ya ce kuɗinsa ba zai maido masa da ɗansa ba, wannan ce ramuwarsa.

Abin da aka ɓata tun farko

A nan ne shari'ar ta karye, kuma duk abin da ya biyo baya ɗori ne. Alƙalin binciken da aka damƙa wa aikin, Jean-Michel Lambert, yana da shekara 32, kuma shi kaɗai ne alƙalin bincike a kotun Épinal. Binciken gawar bai cika ba. Ba a ɗebi kayan ciki don cikakken gwajin guba ko maganin barci ba, ba a kuma auna ruwan da ke cikin huhu ba. Wannan na biyun ba ƙaramin rashi ba ne. Ruwan kogi yana da wasu ƙananan halittu da babu su a ruwan famfo, saboda haka gwajin zai iya nuna ko a kogin aka nutsar da yaron ko a cikin gida, sannan aka kai gawar. Tambayar nan har yau ba ta da amsa.

Ita ma wasiƙar ta sha hannu. An barbaɗa mata hodar neman zanen yatsu, ta lalata wasu alamun. An ga wani gurbi a jikin takardar, irin wanda biro ke bari idan an yi rubutu a takardar da ke samanta, mai kama da haruffan L da B, irin na farkon sunan Bernard Laroche da za a zo kansa a ƙasa. Amma wasu daga cikin gwaje-gwajen farko kotu ta soke su saboda ba a bi ƙa'idar naɗa ƙwararru ba. Ƴan jarida kuwa suka cika kwarin maƙil, wasu suna shiga gidajen mutane, wasu sun ɗauki ɓangare ƙiri-ƙiri, alƙalin da kansa yana yi musu bayanin abin da doka ta ce sirri ne.

Laroche

A farkon Nuwamba 1984 wata yarinya ƴar shekara 15 ta shaida wa jandarma cewa mijin yayarta, Bernard Laroche, ya ɗauke ta a mota daga makaranta ranar, sun je wani gari ya ɗauko ƙaramin yaro, daga baya ya sauka da shi ya dawo shi kaɗai. Laroche ɗan'uwan uban yaron ne, iyayensu mata ciki ɗaya suka fito. Ranar 5 ga Nuwamba aka tuhume shi. Alƙali ya bayyana wa ƴan jarida wadda ta ba da shaidar, aka kuma bar yarinyar ta koma cikin danginta ta kwana. Ba da jimawa ba ta tsaya gaban kyamara ta janye maganarta, ta ce jandarma ne suka tsorata ta. A kan wannan ta tsaya har yau.

Ranar 4 ga Fabrairu 1985 aka saki Laroche. Ranar 29 ga Maris uban yaron, wanda ya riga ya furta cewa zai yi haka, ya same shi a ƙofar gidansa a Aumontzey ya harbe shi da bindigar farauta. Da mutuwarsa shari'a a kansa ta faɗi, domin ba a gurfanar da mamaci. Ba a taɓa tabbatar da laifinsa ba, kotu ba ta kuma samu damar sauraronsa ba.

Uwa a gidan kaso

A watan Fabrairu 1985 aka karɓe binciken daga jandarma aka ba ƴan sandan bincike na Nancy, su kuma suka juya akalar zuwa ga uwar yaron. Hujjojinsu: wasu abokan aikinta sun ce sun gan ta a gidan waya ranar, masana rubutun hannu sun ce rubutun ya yi kama da nata, an kuma samu igiya irin ta ɗaurin a gidan. Ranar 5 ga Yuli 1985 aka tuhume ta da kashe ɗanta, aka kulle ta tana da ciki, mijinta kuma yana tsare. Ta ƙi cin abinci, bayan kwana 11 aka sake ta. Jaridu da yawa sun riga sun yanke mata hukunci.

A 1987 kotun ƙoli ta mai da shari'ar Dijon, inda wani tsohon alƙali, Maurice Simon, ya fara komai daga tushe, ya sake jin shaidu ɗaya bayan ɗaya, har ciwo ya kwantar da shi a farkon 1990. Ranar 3 ga Fabrairu 1993 kotun Dijon ta wanke uwar da wasu kalmomi da ba kasafai ake amfani da su ba: ba ta ce hujja ba ta isa ba, cewa ta yi babu hujja ko ɗaya. A Disamban shekarar aka yanke wa uban ɗaurin shekara biyar kan kisan Laroche, ɗaya daga ciki ɗaurin talala. Da aka lissafa zaman da ya riga ya yi, bai daɗe ba ya fito. A 2004 kotu ta sami gwamnatin Faransa da laifin gudanar da shari'ar ba daidai ba, ta umarci a biya kowane ɗaya daga iyayen yuro 35,000, wajen miliyan 23 na sefa.

Gwajin ƙwayar halitta

A 1984 ba a fara amfani da gwajin ƙwayar halitta, wanda Faransawa ke kira ADN, a binciken laifi ba. A 2000 aka sake buɗe shari'ar don gwada yawun da ke bayan kan sarkin wata wasiƙa ta 1983; bai ba da komai ba, aka rufe a 2001. A ƙarshen 2008 aka sake buɗewa, aka gwada igiyoyin, tufafin yaron da wasiƙun, aka kwatanta da na mutane masu yawa. Nan ma ba a samu abin kamawa ba. Dalili a fili yake: kayan sun bi ta hannun jandarma, ƴan sanda, magatakarda da ƙwararru a zamanin da ba wanda ya damu da sa safar hannu, sawun ya cakuɗe.

Daga 2017

A watan Yuni 2017 aka yi wani sabon yunƙuri. Jandarma sun zuba dubban shafukan shaida cikin wata manhajar kwamfuta mai suna Anacrim, wadda ke jera wane ya ce yana ina da ƙarfe nawa, ta fito da inda maganganu suka ci karo. Masu binciken suka karkata ga cewa ba aikin mutum ɗaya ba ne, aikin gungu ne a cikin dangi: mai leƙen asiri, mai ɗauka, mai rubutu. Aka tuhumi kawun uban yaron da matarsa, tare da waccan yarinya ta 1984, wadda ta zama babbar mace. Dukansu sun musanta. Ranar 11 ga Yuli 2017 aka tsinci tsohon alƙali Lambert ya kashe kansa a gidansa a Le Mans.

A watan Mayu 2018 kotu ta soke tuhumar mutum ukun saboda kuskuren ƙa'ida, ba tare da ta taɓa gundarin maganar ba. A Nuwamban shekarar Majalisar Tsarin Mulki ta ce tsarewar da aka yi wa yarinyar a 1984, ba lauya ba kowa, ta saɓa wa kundin tsarin mulki, kuma a Janairu 2020 aka cire abin da ta faɗa a lokacin tsarewar daga takardun, aka bar abin da ta faɗa gaban alƙali.

Bayan nan aka koma ga nazarin salon rubutu. Wannan ya bambanta da duba rubutun hannu: kwamfuta ce ke ƙirga irin kalmomin da mutum ya saba jerawa da yadda yake gina jimla, kamar yadda ake gane Bakatsine ko Badamagare daga bakinsa ko da ya canja murya. Wani kamfani a Suwizalan ya yi aikin. Lauyoyin waɗanda ake zargi sun ce ƴan gajerun wasiƙu ba za su isa a gina hukunci a kansu ba, kuma maganarsu abar dubawa ce. A Maris 2024 kotun Dijon ta ba da umarnin sababbin gwaje-gwajen ƙwayar halitta da na murya. A Oktoba 2025 aka sake tuhumar matar kawun, wadda ta haura shekara 80, da haɗa baki don aikata laifi, bisa zargin tana cikin masu rubuta wasiƙun. Ta musanta, lauyoyinta kuma sun ce za su ƙalubalanci matakin. A wannan tsari tuhumar alƙalin bincike ba hukunci ba ce. Uwar yaron ma ta shekara kusan takwas a ƙarƙashinta.

Abin da ya hana shari'ar mutuwa shi ne dokar wa'adi. A Faransa babban laifi yana da wa'adin da idan ya wuce ba a gurfanarwa, da shekara 10 ne, a 2017 aka mai da shi 20, amma duk wani sabon matakin bincike yana sa lissafin ya koma farko. Iyayen da lauyoyinsu sun riƙa neman sabon gwaji a kai a kai. Sun bar kwarin Vologne tun tuni, sun koma kusa da Paris, sun sake haifar ƴaƴa uku. A 2004 suka sa aka tono gawar Grégory daga maƙabartar Lépanges aka ƙona ta, kamar yadda wasu Turawa ke yi. Shaidu kuwa suna ta raguwa: wan uban, wanda hankaka ya buga wa waya a yammacin kisan, ya rasu a 2010, kakar yaron ta wajen uba ta bi shi a 2020.