Haɗin kan jam'iyyu biyu kan tsaron ƙasa a Amurka

Haɗin kan jam'iyyu biyu kan tsaro wata al'ada ce a siyasar Amurka inda 'yan Rifablikan da 'yan Dimokurat suke ajiye rigimarsu ta cikin gida idan maganar barazana daga waje ta taso. Akwai zancen da aka fi jinginawa Sanata Arthur Vandenberg, wai siyasa iyakarta bakin ruwa, wato a yi ta faɗa a gida amma da an fuskanci ƙetare a zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya.

Asalin abin dai dole ce ta kawo shi. Tsarin mulkinsu ya ce duk yarjejeniyar da shugaba ya ƙulla da wata ƙasa sai kashi biyu cikin uku na sanatoci sun yarda, kuma da wuya jam'iyya ɗaya ta tara wannan adadin ita kaɗai. Shugaba Woodrow Wilson ya ga haka da idonsa bayan yaƙin duniya na ɗaya, ya tafi taron sulhu a Faransa bai ɗauki ko sanata ɗaya ba, ya dawo majalisar dattawa ta yi watsi da yarjejeniyar a 1919 ta sake yi a 1920, shi ya sa Amurka ba ta shiga ƙungiyar ƙasashen da shi kansa ya kawo shawarar kafa ta ba.

Vandenberg ɗan Rifablikan ne daga Michigan, tsohon editan jarida, kuma da can yana cikin masu cewa Amurka ta yi zamanta ba ruwanta da rikicin Turai. Harin da Japan ta kai sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor a 1941 ne ya girgiza shi, a Janairun 1945 ya miƙe a majalisa ya bayyana cewa ya sauya ra'ayi. Da jam'iyyarsa ta lashe majalisa a 1946 sai ya zama shugaban kwamitin hulɗa da ƙasashen waje, ga Harry Truman ɗan Dimokurat a fadar shugaban ƙasa, ga Tarayyar Sobiyet tana ƙara ƙarfi. Tare suka fitar da dala miliyan 400 ga Girka da Turkiyya a 1947, sai shirin Marshall na sake gina Turai a 1948, sai ƙungiyar tsaro ta NATO da sanatoci suka amince da ita a 1949 da ƙuri'a 82 da 13.

Amma fa ba kyauta ya bayar da goyon bayan ba, ciniki aka yi. A shirin Marshall ya nace kada a bar kuɗin a hannun ma'aikatar harkokin waje, a kafa hukuma daban a ba ɗan kasuwa, haka aka naɗa Paul Hoffman shugaban kamfanin motoci na Studebaker, wanda shi ma ɗan Rifablikan ne.

Yaƙin Vietnam ya fasa wannan haɗin kai sosai. Ya sake dawowa bayan harin 11 ga Satumba 2001, kwana uku kacal majalisa ta ba Shugaba George W. Bush izinin amfani da soja, dattawa 98 ba ko ɗaya da ya ƙi, wakilai 420 suka amince, Barbara Lee ce kaɗai a cikin wakilan ta ce a'a don a ganinta izinin ba shi da iyaka. Nan ne masu suka suke kafa hujja, cewa idan kowa ya yarda cikin gaggawa ba mai tsayawa ya karanta abin da kyau, kuma lallai shugabanni da dama sun yi ta dogara da wannan izinin a ƙasashe daban-daban shekara da shekaru. Lokacin da aka kashe sojojin Amurka huɗu a Tongo Tongo ta Nijar a Oktoban 2017, Sanata Lindsey Graham ya fito ya ce shi bai ma san suna da sojoji masu yawa haka a Nijar ba, kafin watan ya ƙare kwamitin da Vandenberg ya taɓa shugabanta ya kira sakataren tsaro da na harkokin waje su yi bayani kan izinin na 2001.