Antibodin Tsatso Ɗaya a Binciken Furotin ɗin Tsoka

Antibodin tsatso ɗaya, ko monokulonal, furotin ne na garkuwar jiki da ake samu daga zuriyar sel, wato ƙwayar halitta, guda tak. Saboda haka dukkansa iri ɗaya ne, kuma gurbi ɗaya yake kamawa a jikin abin da aka yi shi dominsa. Masu binciken tsoka na amfani da shi don sanin inda kowane furotin ke zaune a cikin zaren tsoka, da yawansa, da lokacin da yake fara bayyana a jikin ɗan tayi. Ya karɓu a wannan fanni ne domin furotin ɗin tsoka dangi ne masu kama da juna ƙwarai, kuma tsofaffin dabaru sun sha rikita su.

Kafin zuwansa

Bajamushe Wilhelm Kühne ne ya fara tatso furotin ɗin da ake kira mayosin daga tsoka. Wasu kan sa abin a 1859, wasu a 1864, shekarar da aka fi danganta raɗin sunan da ita. A 1942 Brunó Straub ya ware aktin, wani furotin ɗin tsoka, a ɗakin binciken Albert Szent-Györgyi da ke Szeged ta ƙasar Hangari. A 1954 ƙungiyoyi biyu, ta Andrew Huxley da Rolf Niedergerke da ta Hugh Huxley da Jean Hanson, suka nuna cewa tsoka na tsukewa ne idan zaruruwan aktin suka zame a tsakanin na mayosin. Setsuro Ebashi na Japan ya gano turoponin, furotin ɗin da ke sarrafa tsukewar tsoka, wajen tsakiyar shekarun 1960.

Duk da haka, mayosin ba iri ɗaya ba ne. Mai gashin kaji a unguwar Obalende ta Legas ya san ƙirjin kaza fari ne, cinyarta kuwa ta fi duhu. Farar tsoka mai sauri ce amma tana saurin gajiya, mai duhun tana aiki a hankali ta daɗe, kuma kowacce da irin mayosin ɗinta. A 1970 Brooke da Kaiser sun kasa zaruruwan tsoka gida uku, 1 mai aiki a hankali da 2A da 2B masu sauri, ta hanyar rinin da ke bin aikin sinadarin mayosin. Akwai kuma antibodin da ake samu idan aka yi wa zomo allurar furotin aka ɗebi jininsa, sai dai wannan gauraye ne, yana kama 'yan'uwa da yawa lokaci guda. In zomon ya mutu, shi ke nan, wani zomon ba zai ba da irinsa daidai ba.

Dabarar 1975

A watan Agustan 1975 Georges Köhler, Bajamushe, da César Milstein, haifaffen Ajantina, suka wallafa aikinsu daga Kambirij ta Ingila. Sun yi wa ɓera allura, suka ciro sel ɗin da ke yin antibodi daga saifarsa, suka haɗe su da sel ɗin wata kansa mai suna mayeloma, waɗanda ba sa daina hayayyafa. Abin da ya fito shi ne haibiridoma, wadda ta gaji yin antibodi daga ɓangare ɗaya, ta gaji daɗewa daga ɗayan. Ana renon ta a ruwan da sel ɗin da ba su haɗu ba ba sa rayuwa a ciki, a rarraba ɗai-ɗai a ƙananan ramuka, a zaɓi wadda ke ba da abin da ake nema, a daskarar da ita a ruwan naitirojin. Antibodinsu na farko na jajayen ƙwayoyin jinin tunkiya ne, ba na tsoka ba. Sun sami kyautar Nobel a 1984 tare da Niels Jerne.

Mayosin

Ba a daɗe ba masu binciken tsoka suka karɓi dabarar. A 1982 David Bader da Tomoh Masaki da Donald Fischman suka fito da MF20, wanda suka yi da mayosin ɗin ƙirjin kaza. Yana kama mayosin na tsokar gaɓoɓi da ta zuciya a dabbobi da dama, shi ya sa har yau in ana son tabbatar da cewa sel ɗin da aka rena a faranti sun zama tsoka, shi aka fi ɗauka.

Aikin da ya fi sauya fannin shi ne na Stefano Schiaffino da abokan aikinsa a Padova ta Italiya. Da antibodi irin su BA-D5 da SC-71 da BF-F3 suka rina tsokar gafiyar gwaji, sai suka tarar da zaruruwa masu yawa da babu wanda ya kama su a cikin ukun. A 1989 suka bayyana su a matsayin iri na uku na masu sauri, wato 2X. Daga baya aka gane cewa abin da aka daɗe ana kira 2B a tsokar ɗan'adam 2X ne. Yawancin waɗannan haibiridoma na ajiye a wani rumbu na Jami'ar Iowa, wanda hukumar binciken lafiya ta Amurka ta kafa a 1986, yana raba su ga masu bincike a kan kuɗi kaɗan.

Distirofin

A 1987 Eric Hoffman da Louis Kunkel da abokin aikinsu suka gano distirofin, furotin ɗin da babu shi a tsokar yara maza masu ciwon lalacewar tsoka na Duchenne. A lafiyayyar tsoka antibodinsa kan zana zobe siriri kewaye da kowane zare. A Duchenne zoben kan ɓace, sai ɗai-ɗaikun zaruruwa, a nau'in Becker mai sauƙi kuwa yakan dusashe ko ya yanyanke. Akan yi amfani da antibodi uku, na farkon furotin ɗin da tsakiyarsa da ƙarshensa, don kada gurbin da guda ke nema ya zama shi ne ya ɓace saboda matsalar ƙwayar gado.

Yadda ake aikin

Ana daskarar da ɗan gutsuren tsoka nan take, domin in ƙanƙara ta kama shi a hankali takan huda zaruruwan. Sai a yanka shi siriri, kimanin maikiromita 10, wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, a cikin injin yanka mai sanyin kusan digiri 20 ƙasa da sifili, a ɗora a gilashi. A ɗiga antibodin farko, a wanke, a ɗiga na biyu mai ɗauke da rini mai ƙyalli wanda ke kama na farkon. A madubin ƙara girma zaruruwan kan fito jere da juna, wannan shuɗi, wancan kore, wani ja. Dole a bar gilashi guda ba antibodin farko don a san ƙyallin ƙarya, musamman a tsokar ɓera, inda na biyun ke kama antibodin ɓeran kansa. Idan nauyin furotin ake so, a kan raba shi da lantarki a kwafe a takarda ta musamman, dabarar da ta fito a 1979.

A Legas

Manyan cibiyoyin binciken lafiya a Legas sun haɗa da Cibiyar Binciken Lafiya ta Najeriya (NIMR) a Yaba da Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Legas a Idi-Araba, unguwar da Hausawa suka daɗe da zama. Akasarin antibodin daga waje ake shigo da shi, kuma sai an tsare shi a sanyi tun daga filin jirgi har firji, abin da ke sa janareta ya zama cikin kayan aiki. Cikin wuraren da mai jinya ke haɗuwa da shi a asibiti akwai gwajin turoponin a jini idan ana zargin bugun zuciya, da rinin desmin, wani furotin ɗin tsoka, wajen tantance kansar tsoka.

Saɓani

Renon haibiridoma a cikin cikin ɓera mai rai na shan suka, kuma ƙasashen Turai da dama sun taƙaita shi. Ana kuma ƙorafin cewa wasu antibodin kasuwa na kama abin da ba shi aka rubuta a kwalbar ba.