Dokar Amurka kan jin rediyon 'yan kwana-kwana a cikin manyan gine-gine

Rediyon oba-oba da ɗan kwana-kwana yake ratayawa a kafaɗa ƙaramar na'ura ce mai ƙarfin wat kaɗan, kuma muddin yana tsaye a fili muryarsa tana isa hasumiyar sadarwa ta gari ba tare da wahala ba. Da zarar ya sa ƙafa cikin babban gini sai lissafi ya canja, domin kankare mai kauri da rodin da ke cikinsa suna shanye sigina, rufin ƙarfe yana mayar da ita baya, benayen ƙarƙashin ƙasa kuwa ba ta ma kai musu. Gine-ginen zamani sun ƙara dagula lamarin, saboda gilashin da ake sa wa tagoginsu don tare zafin rana yana ɗauke da wani siririn shafe na ƙarfe, kuma shafen da ya hana zafi shiga shi ne yake hana sigina wucewa. Wuraren da sigina ta fi mutuwa su ne matattakala da ramin lif da ɗakin famfon kashe gobara, wato ainihin inda ma'aikacin ceto yake yin aikinsa.

Amurka ta ɗanɗana kuɗar wannan a ranar 11 ga Satumba, 2001, lokacin da 'yan kwana-kwana 343 na birnin Niyok suka mutu a harin da aka kai wa tagwayen benayen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya. Bayan harin bam na 1993 an sanya wa cibiyar na'urar da ke karɓar maganar oba-oba ta sake watsa ta da ƙarfi. A safiyar harin 11 ga Satumba shugabannin 'yan kwana-kwana da ke ƙasan benen arewa sun gwada ta, suka ɗauka ba ta aiki, suka koma magana kai tsaye daga oba-oba zuwa oba-oba, alhali a benen kudu an yi amfani da ita har daga hawa na 78. Da benen kudu ya rushe da ƙarfe 9:59 aka ba da umarnin kowa ya fita daga na arewa, amma da yawa daga cikin waɗanda suke can sama ba su ji ba, ginin kuma ya rufta da ƙarfe 10:28. Rahoton hukumar binciken harin na 2004 da binciken NIST, cibiyar ma'auni da fasaha ta gwamnatin Amurka, na 2005 duk sun tsaya a kan batun sadarwa, kuma daga nan ne ɗaukar jin rediyo a cikin gini a matsayin sharaɗin gini, kamar ƙofar gudu da famfon ruwa, ya yaɗu.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne babu wata doka guda ta tarayya da ta wajabta wa kowane gini a Amurka wannan tsari. Abin da ake da shi kundin samfuri ne, wanda ƙwararru suke rubutawa, jiha ko birni ya ɗauka ya mai da shi doka, sau da yawa bayan ya yi masa gyare-gyare. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne kundin dokar gobara da ake kira IFC, wanda ake sabuntawa duk bayan shekara uku, kuma a bugunsa na 2009 ne sashe na 510 ya shigo da wannan sharaɗi. Ƙungiyar kare gobara ta ƙasar, NFPA, tana da nata ƙa'idojin, waɗanda suka fara zama a kundi mai lamba 72, suka koma 1221, sannan aka tattara su a 1225 a bugun 2022. Saboda haka gine-gine biyu iri ɗaya a jihohi biyu suna iya fuskantar sharuɗɗa daban-daban, kuma maganar ƙarshe tana bakin jami'in gobara na yankin. Birnin Niyok ma nasa tsarin ya fitar, inda yake buƙatar sababbin dogayen benaye su kasance da na'urar rediyo ta musamman da hukumar kashe gobara ta birnin take kunnawa idan ta iso.

Hikimar sashe na 510, a ganina, ita ce bai umarci kowa ya sayi wata na'ura ba. Abin da ya nema sakamako ne: a ji jami'in ceto idan ya yi magana daga cikin ginin, shi ma ya ji abin da aka faɗa masa. Idan an auna an tarar sigina tana shiga da kanta yadda ya kamata, mai gini ba ya bin kowa bashin komai. Idan ba ta shiga, gyaran yana wuyansa, kuma jami'i yana iya riƙe takardar izinin shiga ginin har sai an yi. Sai dai dokar ta yi adalci ta wani gefen, domin ma'aunin ya dogara ne da ƙarfin siginar da ake samu a wajen ginin, kuma ta fito fili ta ce ba ta tilasta wa hukuma inganta hasumiyoyinta ba. Aikin mai gini shi ne ya shigar da abin da ke bakin ƙofarsa ciki.

Kundin IFC yana neman a samu sigina mai kyau a kashi 95 cikin ɗari na kowane hawa, kuma kalmar kowane tana da nauyi, domin ba a yarda hawa na ashirin mai sigina tangaram ya rufa wa gidan ƙasa asiri a lissafi ba. Ga wuraren da aka ware a matsayin masu muhimmanci kuwa, irin su ɗakin ba da umarni lokacin gobara da ɗakin famfo da matattakalar fita da farfajiyar lif, ƙa'idojin NFPA da bugun IFC na 2021 sun ɗaga ma'aunin zuwa kashi 99. Tsofaffin bugu sun auna ƙarfin sigina ne kawai, suka sa iyaka a -95 dBm, wanda ƙarfi ne da bai kai kashi ɗaya cikin tiriliyan na wat guda ba. Daga baya aka gane cewa sigina tana iya yin ƙarfi amma hayaniya ta cika ta har a kasa gane ko kalma ɗaya, don haka bugun 2018 ya shigo da ma'aunin ingancin murya da ake kira DAQ, mai hawa daga 1 zuwa 5, ya kuma sa 3.0 a matsayin mafi ƙaranci. Ma'anar 3.0 ita ce ana fahimtar magana da ɗan ƙoƙari, wani lokaci sai an maimaita. Ana auna wannan ta fuska biyu, daga hasumiya zuwa cikin gini da kuma daga cikin gini zuwa hasumiya, kuma ta biyun ce ta fi faɗuwa, saboda hasumiya tana magana da babbar murya, oba-oba kuwa da ƙaramar murya yake amsawa.

Yadda ake gwajin ya cancanci a tsaya a kansa. Ana ɗaukar taswirar kowane hawa a raba ta gida 20 masu kusan girma ɗaya. Mai gwaji yana riƙe oba-oba irin wanda hukumar yankin take amfani da shi, ya je kusan tsakiyar kowane gida ya tsaya, ya danna, ya yi magana ta hanyar sadarwar hukumar, ya saurari amsa. Inda ya tsaya nan ne yake wakiltar gidan gaba ɗaya, kuma idan magana ta ƙi fita ba a ba shi damar matsawa kusa da taga ya sake gwadawa ba. A bugun 2018, gida ɗaya ne kawai aka yarda ya faɗi a cikin ashirin ɗin. Idan biyu suka faɗi ana iya sake raba hawan gida 40 don lissafi ya fi daidaito, kuma a nan ana lamunta biyu, muddin ba maƙwabtan juna ba ne. Sharaɗin maƙwabtakar yana da dalili, domin gidaje biyu matattu a jere suna nufin wani dogon lungu da mutum zai iya faɗuwa a cikinsa ya yi ta kira ba mai jin sa.

Ginin da ya faɗi gwaji yakan koma ga tsari mai sassa uku. A kan rufi ana kafa eriya a saita ta ga hasumiyar hukumar, daga ita waya ta sauko zuwa wani akwati mai ƙara ƙarfin sigina ta fuska biyu, daga akwatin kuma wayoyi su rarrabu zuwa ƙananan eriyoyi a silin na kowane hawa da cikin matattakala. Tunda a ranar gobara ake buƙatar tsarin, dokar ta ɗauka cewa wutar lantarki za ta ɗauke kuma ruwa zai yi ta zuba, don haka ta nemi akwatin ya kasance wanda ruwa ba ya shiga, ta kuma nemi batir da zai riƙe tsarin da cikakken ƙarfinsa. Bugun 2012 da na 2015 sun ce awa 24, na 2018 ya rage zuwa 12, ko kuma batir na awa biyu idan an haɗa shi da janaretan ginin. Haka nan dole tsarin ya riƙa kai ƙarar kansa ga allon ƙararrawar gobara idan wuta ta ɗauke, ko cajar batir ta lalace, ko eriyar rufi ta samu matsala, ko batir ya yi ƙasa, domin akwatin da yake kulle a wani ɗaki yana iya mutuwa wata da watanni ba wanda ya sani.

A nan ne doka ta biyu take shigowa, kuma ita ta tarayya ce. Mitocin da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana suke magana a kansu, ko na VHF ne ko UHF ko na zangon megahaz 700 da 800, hukumar sadarwa ta FCC ce ta ba da lasisinsu, kuma sashe na 90.219 na dokokinta ya hana kowa kunna na'urar ƙara sigina a kansu sai da amincewar mai lasisin. Ta kasa na'urorin gida biyu: rukunin A, mai tace tashoshi ɗaya-ɗaya da faɗin da bai wuce kilohaz 75 ba, da rukunin B, mai buɗe ƙofa da faɗi ya ƙara ƙarfin duk abin da ya shigo, wanda tun 2014 dole a yi masa rajista domin a san inda yake. Ƙarfin da na'urar za ta fitar bai kamata ya wuce wat 5 a kowace tasha ba, kuma gargaɗin da ake liƙa wa jikinta yana ambaton tarar da ta haura dala 100,000.

Tsananin yana da tushe. Duk wanda ya taɓa jin ƙarar da lasifika take yi idan aka kusanto mata da makirufo ya san abin da yake faruwa idan eriyar rufi ta riƙa jin eriyoyin cikin gini: na'urar tana kama muryar kanta ta ƙara mata ƙarfi, ta sake kamawa, har ta koma ihu zalla. Bambancin shi ne wannan ihun hasumiyar gari yake tafiya, kuma na'ura ɗaya da aka saita ba daidai ba tana iya kurmantar da sadarwar jami'an da ke aiki a unguwanni masu nisa. Shi ya sa ƙa'idar IFC ta nemi raguwar da sigina take yi tsakanin eriyar waje da ta ciki ta zarce ƙarfin ƙarin da na'urar take yi da dB 20, wato ninki ɗari, ta kuma nemi mai tsara aikin da shugaban masu girkawa su kasance da lasisin rediyo na FCC da shaidar horo. Bugun 2021 ya ƙara da cewa kayan su kasance waɗanda aka tantance bisa ma'aunin ingancin kaya mai suna UL 2524. Ya kamata a ambata a gurguje cewa na'urar ƙara siginar wayar salula wani abu ne daban, kuma samun sabis cikakke a waya ba ya nuna cewa oba-oba yana aiki a wurin.

Masu gine-gine suna da ƙorafi, kuma ba duka ne na banza ba. Ba a iya sanin gaskiyar siginar gini sai an sa tagogi an gama bangwaye, wato daf da ranar buɗewa, kuma a lokacin ne fasa silin don jan waya ya fi tsada da ɓata lokaci. Masu dabara sukan bar bututun waya da wurin akwati tun a zane, idan gwaji ya nuna ba a buƙata sun yi asarar kaɗan. Tsofaffin gine-gine kuwa dokar ta sassauta musu, domin sharaɗin yakan hau kansu ne idan tsohon tsarin tarho mai waya na 'yan kwana-kwana ya lalace ba gyara ko za a sauya shi, ko kuma idan hukumar yankin ta sa wa'adi. Jami'i yana da ikon yafe wa gini idan ya ga ba a buƙatar tsarin, wannan ikon kuma shi ne tushen yawancin saɓanin da ake gani daga gari zuwa gari.

Cin gwajin farko ba ya sauke nauyi. Dole a sake duba tsarin kowace shekara, da kuma duk lokacin da aka yi wa ginin gyaran da zai iya taɓa sigina, a ɗora wa batir nauyi na awa guda a ga ko zai riƙe, a kuma auna ƙarfin na'urar a kwatanta da adadin da aka rubuta ranar farko. Wannan adadin yana cikin takardun da aka wajabta wa mai gini ajiyewa, kuma idan suka ɓata sai ya sake gwajin karɓa daga farko, gida ashirin-ashirin a kowane hawa. Akwai kuma canjin da ba daga cikin ginin yake zuwa ba. Hukuma tana iya ƙara mita ko ta sauya wadda take amfani da ita, kuma kundin ya ɗora wa mai gini gyara tsarinsa da kuɗinsa don ya bi sabuwar. Wani kuma yana iya gina bene mai hawa talatin a filin da ke tsakanin eriyar rufi da hasumiya, sai ginin da ya ci gwaji bara ya faɗi bana ba tare da an taɓa ko waya ɗaya a cikinsa ba.