Fumfuna a Ɗaki: Amsoshin Tambayoyin da Kuke Maimaita Mini Duk Damina

Da zarar marka ta kankama a watan Agusta, tambayoyin nan dai su ne suke dawowa. Ga amsoshinsu wuri ɗaya, a karanta kafin a sake tambaya.

Da zafin nan na Sakkwato, ina fumfuna ta samu wurin zama?

Laima take bi, ba ruwanta da zafi. Daga Yuni zuwa Satumba kwano yana yoyo, taga a rufe saboda sauro, sif a manne da bango. Ai an gama yi mata shimfiɗa.

In haɗa bilic da maganin wanke masai don ya fi ƙarfi?

A'a, Hajiya, don girman Allah kada ki yi! Yawancin magungunan masai akwai asid a cikinsu, suna haɗuwa da bilic sai iskar kulorin ta tashi, mai ƙona ido da huhu. A banɗakin da ba taga tana iya kayar da mutum. Haka ma haɗa bilic da ruwan khal ko da amoniya haɗari ne. Bilic da ruwa zalla kawai ake sirka shi.

To da me zan wanke?

Omo, ruwa da buroshi, sannan a busar da wurin sarai. A kan tayil ko siminti za ki iya bi da bilic irin Hypo ko Jik, kofi 1 a ruwa lita 4, kada ya wuce haka. Ki buɗe ƙofa da taga, ki sa safar roba da takunkumi, a fitar da yara da mai asma.

Turaren wuta yana kashe ta?

Wari kawai yake rufewa.

In shafa fenti a kai?

Zai kumbura ya ɓare, baƙin ya sake ɓullowa. Asarar kuɗi ce.

Na wanke bangon, bayan sati biyu ya dawo. Me zan yi?

Wannan kam ya danganta, Malam, sai ka tsaya ka duba inda baƙin ya fara. In daga sama yake gangarowa, galibi rufi ne: ƙusar kwano ta saki, ko indararo ya toshe ruwa yana bin bango. In daga ƙasa yake hawa zuwa kamar gwiwa, to ƙasar ce take shayar da ginin, abin da ya fi yawa a gidajen da ke kusa da fadama ko inda ruwa yake kwanciya a gindin bango. Nan sai an gyara magudana, wataƙila har a cike gefen ginin. In kuwa banɗaki ne a bayan bangon, zargi bututu. Wani lokacin ma babu yoyo ko kaɗan, sif ne ya hana iska shiga. Janye shi kamar taƙi ɗaya ka ga abin da zai faru.

Ka kuma lura, farin garin nan da yake fitowa a ƙasan filasta yana murmushewa a yatsa sau da yawa gishirin bango ne, bilic ba zai yi masa komai ba, amma shi ma alamar laima ce. Ginin laka kuma kada ka jiƙa shi da ruwan wanki, ƙara masa ciwo za ka yi. A kankare wurin a hankali, da takunkumi a fuska, a bar shi ya sha iska, sabon yaɓe ya jira hunturu. In wurin ya wuce faɗin ƙafa 3 da tsawon ƙafa 3, ko silin ya lotsa, ka nemo magini, aikin ya fi ƙarfin buroshi.

Yarona ya kwana a ɗakin, hankalina ya tashi.

Kwantar da hankalinki, 'yar uwa. Yawanci atishawa ce, toshewar hanci da ƙaiƙayin ido. Ki canza masa ɗaki. In yana da asma ko numfashinsa ya fara sarƙewa, ki kai shi asibiti ba tare da jira ba.

Shadda da katifa fa?

Shadda a wanke, a shanya a rana ta bushe ƙayau kafin ta koma akwati. Takalmin fata a kakkaɓe a waje, a goge, a bar shi a inuwa mai iska. Katifar da ta sha ruwa ta wuce awa 48 ba ta bushe ba, har fumfuna ta shige cikin soson, haƙuri za a yi da ita.

Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, in an soya ai shi ke nan?

Ba shi ke nan ba. Gubarsu, afulatoksin, ba ta jin wanki ko suya, kuma hanta take lalatawa. A zubar. Kada ma a ba saniya ko akuya, don tana fitowa a nono.