Faɗa-wuta: yawansu da rabe-raben danginsu

Faɗa-wuta suna ne da Hausawa ke kiran ƙwarin nan masu fikafikai huɗu da ke zagaye fitila ko ƙwan lantarki da dare. Su da malam-buɗe-littafi rukuninsu ɗaya a ilmin halittu, wato Lepidoptera, kalmar da aka haɗa daga Girkanci mai ma'anar fiffike mai ɓawo. Garin nan da ke manne wa yatsa idan an kama ɗaya shi ne ɓawon: ƙananan sulke ne a jere bisa juna, kuma su ne ke ba fiffiken launinsa. An bayyana nau'i kusan 160,000 a rukunin, cikin dangi fiye da 120. Malam-buɗe-littafi bai kai nau'i 20,000 ba. Duk sauran faɗa-wuta ne.

Yadda aka rarraba su

A 1758 masanin ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya raba rukunin gida uku kacal: Papilio na masu tashi da rana, Sphinx na masu kaurin jiki da saurin tashi, sai Phalaena wanda ya tara duk abin da ya rage. Waɗanda suka biyo bayansa sun riƙa duba jijiyoyin fiffike, siffar baki, al'aurar namiji da ta mace, da wurin da kunne yake. Batun kunnen abin lura ne. Da yawansu suna jin kukan jemage mai farautarsu, amma wasu dangogin kunnen a ƙirji yake, wasu kuma a wajen tumbi, kuma wannan bambancin ya taimaka wajen gane wane ne ɗan'uwan wane.

Binciken ƙwayoyin gado ya sake dagula tsohon lissafi. Ya tabbatar da cewa malam-buɗe-littafi reshe ne da ya tsiro daga cikin faɗa-wuta, don haka raba su gida biyu al'ada ce ta ido. Mafi tsufa a rukunin, irin su Micropterigidae, har yanzu suna da muƙamuƙin tauna. Kusan kashi 98 cikin ɗari kuwa suna cikin babban reshen Ditrysia, inda mace ke da ƙofa biyu, ɗaya ta barbara ɗaya ta saka ƙwai.

Manyan dangogi

Erebidae ne ya fi yawa, da nau'i sama da 24,000, bayan da aka faɗaɗa shi wajen 2011 aka shigar da wasu tsofaffin dangogi cikinsa. Tsutsotsi masu gashi da ke sa ƙaiƙayi da yawa nasa ne. Geometridae na biye da kusan 23,000. Tsutsarsu ba ta da ƙafafu a tsakiyar jiki, sai ta lanƙwashe ta miƙe tana tafiya kamar mai auna yadi da taƙi. Tortricidae suna naɗe ganye su ɓuya a ciki.

Sphingidae nau'insu kusan 1,500 ne, amma sun yi suna saboda dogon bakinsu na zuƙar ruwan fure. A 1862 Charles Darwin ya ga wani furen Madagaska mai maƙogwaro kusan santimita 30, ya ce lallai akwai ƙwaron da bakinsa ya kai can. An bayyana ƙwaron a 1903. Saturniidae su ne manya masu zanen ido a fiffike. Wanda ya riga ya yi fiffike a cikinsu ba ya cin komai, yana rayuwa 'yan kwanaki da kitsen da ya tara tun yana tsutsa.

A gonakin arewacin Kamaru da Cadi

Manomi a Garwa ko Marwa ya san tsutsa farin sani, amma sau da yawa ba ya haɗa ta da ƙwaron da ya faɗo masa cikin shayi jiya da dare. A nan ne sanin dangi ke da amfani na gaske, domin tsutsar ce ke ɓarna, uwar kuma ita ke yawo da ƙwai daga gona zuwa gona.

Dangin da ya fi addabar wannan yanki shi ne Noctuidae, mai nau'i kusan 12,000, yawancinsu masu launin toka ko ƙasa-ƙasa, ba abin da zai ja ido. Helicoverpa armigera da Diparopsis watersi suna huda 'ya'yan auduga, kuma suna cikin manyan dalilan feshin da ake yi duk damina a yankin kamfanin auduga na Sodecoton a Kamaru da kuma kudancin Cadi wajen Mundu. Heliocheilus albipunctella tana cin zangarniyar gero, tana barin layi mai murɗawa a jikinta. Wanda ya taɓa ɗaga zangarniya ya ga layin da kashin tsutsa na zuba ba ya mantawa. Sesamia cretica tana shiga karan masakwa, dawar ranin da ake dasawa a filayen laka na kewayen Marwa bayan ruwa ya ja, irin wadda ake kira berbere a Cadi. Sabuwar baƙuwa ita ce Spodoptera frugiperda, 'yar nahiyar Amurka, wadda aka fara ba da rahotonta a Afirka ta Yamma a farkon 2016. Tana zama cikin zuciyar masara, inda magani ke wuyar kai mata.

Crambidae su ma suna da nasu rabon: Coniesta ignefusalis a karan gero, Maruca vitrata a furen wake da kwansonsa. Gelechiidae ƙanana ne ƙwarai, ba su kai tsawon farce ba, duk da haka cikinsu ne Tuta absoluta ta fito, wadda ta zo daga Kudancin Amurka ta lalata tumatirin arewacin Najeriya a 2016. 'Yar'uwarta Sitotroga cerealella tana bin hatsi har cikin rumbu. Asu mai cin rigar ulu a akwati kuwa tsutsar Tineidae ce.

Amfaninsu

Kuskure ne a ɗauke su duka a matsayin annoba, don waɗanda ke taɓa amfanin gona kaɗan ne cikin dubbai. Suna barbarar furannin dare, kuma tsuntsaye da jemagu da ƙadangaru suna rayuwa a kansu. Alharini daga Bombyx mori yake fitowa, ƙwaron da aka fara kiwo a ƙasar Sin. Ƙasar Hausa ma tana da nata: zaren tsamiya da ake aikin babbar riga da shi daga sheƙar tsutsotsin Anaphe ake samunsa, 'yan dangin Notodontidae, waɗanda ke taruwa da yawa su saƙa gida ɗaya a jikin itace. Ana dafa sheƙar da toka har ta yi laushi, sannan a kaɗa zaren da mazari.