T. K. Ekundayo Phillips

Thomas King Ekundayo Phillips (1884–1969) Bayarabe ne ɗan Najeriya, makaɗin ogan (babban kayan kiɗan coci mai kama da piyano), malamin kiɗa, kuma mai tsara waƙoƙin ibada. Shi ya riƙe ragamar kiɗa a babban cocin Angilika na Christ Church da ke Marina a Legas tun daga 1914 har 1962, shekara 48 ke nan, abin da ya sa da yawa ke kiransa uban kiɗan coci a Najeriya.

Mahaifinsa, Charles Phillips, bishop ne na Angilika da ya yi aiki a Ondo. Ekundayo ya yi makarantar CMS Grammar School ta Legas, ya kuma koyi haɗa magunguna. Tun yana saurayi yake kaɗa ogan a cocin St. Paul's da ke titin Breadfruit a Legas. A 1911 ya tafi Landan, ya shiga kwalejin kiɗa ta Trinity, ya dawo gida a 1914.

Babban abin da ya sa a gaba shi ne gyara wata tsohuwar matsala. 'Yan mishan sun fassara waƙoƙin Turanci zuwa Yarbanci, suka bar su a kan karin Turai yadda suka zo da shi. To amma Yarbanci harshe ne mai karin sauti uku: na sama, na tsakiya da na ƙasa. Idan waƙa ta ɗaga murya a gaɓar da ya kamata ta sauke, ma'anar kalma takan sauya, wani lokaci ma ta ɓace ɗungurungum. Mai jin Hausa ba zai rasa gane wannan ba, domin Hausa ma da karin sauti take rarrabe kalmomi. Jama'a sun daɗe suna rera yabo da kalmomin da kunnensu bai amince da su ba. Phillips ya riƙa tsara waƙa yadda hawa da saukarta za su bi hawa da saukar magana, yana yawan amfani da tsarin kiɗa mai matakan sauti biyar da aka saba ji a waƙoƙin gargajiya na Yarbawa. Aikin yana da wuya ƙwarai idan an raba mawaƙa murya huɗu, tunda kowace murya tana da tata hanyar, kalmar kuwa hanya ɗaya ta yarda da ita. Ya bayyana nazarinsa a littafin Yoruba Music, wanda aka buga a Johannesburg a 1953, ɗaya daga cikin nazarce-nazarce na farko da ɗan Afirka mai horon kiɗa ya rubuta a kan kiɗan mutanensa.

Cikin ayyukansa akwai doguwar waƙar mawaƙa mai suna Samuel, da waƙoƙin amshi na sujada cikin Yarbanci, da kiɗan ogan da ya gina a kan waƙar gargajiya.

Tasirinsa ya fi fitowa a almajiransa. Fela Sowande da Ayo Bankole, manyan masu tsara kiɗa na Najeriya, duk sun bi ta hannunsa. Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1964. Da ya ajiye aiki, ɗansa Charles Oluwole Obayomi Phillips ne ya gaje shi a ogan ɗin cocin, ya riƙe har 1992.