Ma'anar ɓoye saƙo daga ƙarshe zuwa ƙarshe, da dalilin da musu a kansa ya ƙi ƙarewa

Duk wanda ya buɗe sabuwar hira a WhatsApp yakan ga ɗan rubutu a sama, da alamar kwado a gefensa, yana cewa saƙonni da kira a ɓoye suke daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ko kamfanin da kansa ba ya iya karantawa. Wannan magana ta daɗe tana raba kan masu sha'awar kwamfuta da waya. Wani ya ce yaudara ce, tunda kamfanin Meta mai Facebook ne ke da manhajar. Wani ya ce a koma Telegram. Wani ya ce in ba Signal ba, kowa a fili yake. Yawancin musun yana tasowa ne daga cakuɗa abu uku da ya kamata a raba: abin da ke cikin saƙo, bayanan da ke kewaye da saƙo, da ita kanta wayar da saƙon ya sauka a ciki.

Ƙarshe biyun da ake nufi su ne wayar mai aikawa da wayar mai karɓa. Ranar da ka sauke manhajar, wayarka kan ƙirƙiri makullai iri biyu, na fili da na sirri. Na filin ta tura shi sabar kamfani, wato babbar kwamfutar da saƙonni ke bi ta cikinta, domin duk mai son yi maka magana ya ɗauka, na sirrin kuma ya zauna a cikinta, ba ya fita. Idan wani zai rubuto maka, wayarsa ta haɗa makullinka na fili da nata na sirri ta wani lissafi da Whitfield Diffie da Martin Hellman suka wallafa a 1976, taka ma ta yi irin haka daga nata ɓangaren, sai duka biyun su fitar da sirri iri ɗaya ba tare da ya taɓa bi ta intanet ba. Tsarin Signal, wanda Moxie Marlinspike da Trevor Perrin suka tsara, ya ƙara wani abu a kan haka: kowane saƙo da nasa sabon makulli, da zarar an yi amfani da shi sai a goge. Saboda haka ko an sace makullin yau, ba zai buɗe hirar jiya ba. Wannan tsarin ne WhatsApp ta kammala sanya wa duk masu amfani da ita a watan Afrilun 2016, Messenger kuma ta fara mayar da irinsa wajibi ga hirar mutum biyu a Disambar 2023.

Akwai wani nau'in ɓoyewa da ake yawan ruɗa shi da wannan. A nan saƙo a kulle yake daga wayarka zuwa sabar kamfani, a can a buɗe shi, a sake kulle shi zuwa ga mai karɓa. Mai leƙe a hanya, ko mai gidan Wi-Fi, ko kamfanin layi, ba ya gani, amma kamfanin manhajar yana da ikon gani. Haka Gmail ke aiki. Tes na layin waya kuwa ko wannan bai kai ba, kamfanin layi na iya ganinsa yadda yake.

A nan ne magoya bayan Telegram suka fi yin kuskure, kuma kuskure ne mai cutarwa, domin mutane da yawa sun koma can da sirrinsu a farkon 2021, lokacin da WhatsApp ta fito da sabbin sharuɗɗan da suka tayar da ƙura. Hirar yau da kullum a Telegram, da duk zauruka da tashoshi, irin na biyun ne: suna ajiye a sabar kamfanin, kuma makullin yana hannunsa. Kamfanin ya ce ya rarraba makullan a ƙasashe daban-daban domin kada kotu ɗaya ta tilasta masa, amma wannan alkawari ne, ba lissafi ba. Shaidar ma mai sauƙi ce. Ka sa layinka a sabuwar waya ka shiga Telegram, duk tsofaffin hirarrakinka za su dawo nan take, to daga ina suka fito? Wanda ke son cikakkiyar ɓoyewa a Telegram sai ya buɗe shafin mutumin, ya taɓa ɗigo ukun nan, ya zaɓi hirar sirri, ya jira ɗayan ya hau. Za ta fito da ɗan kwado kusa da sunan, tsakanin mutum biyu kawai take, kuma a wayar da aka fara ta take zama. Bayan an kama Pavel Durov, wanda ya kafa Telegram, a Faransa a watan Agustan 2024, kamfanin ya sanar cewa zai riƙa ba hukumomi lambar waya da adireshin intanet na wanda ake zargi idan suka zo da takardar shari'a.

Masu sukar WhatsApp kuma suna da hujja biyu, ɗaya ta fi ɗaya ƙarfi. Ta farko ita ce ba a buɗe rubutun manhajar ga jama'a ba, ba kamar Signal ba, wadda kowa zai iya zuwa GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhajoji, ya duba yadda aka gina ta. Gaskiya ne, kuma wanda ya ce ba zai yarda da abin da ba a bari a bincika ba yana da dalili. Sai dai manyan badaƙalolin leƙen asiri da suka fito fili ta waya aka bi, ba ta fasa makulli a hanya ba.

Hujja ta biyu ita ce mai nauyi. Ka ɗauka ka kai akwati a kulle tasha ka ba direba ya kai wa wani a Zariya. Direban bai san abin da ke ciki ba, amma ya ga fuskarka, ya san wanda zai karɓa, ya san nauyin akwatin, ya san ƙarfe nawa ka kawo, kuma ya san sau nawa kake aikawa a wata. WhatsApp tana da lambarka, da lambobin da ke wayarka idan ka ba ta izini, da adireshin intanet ɗinka, da irin wayarka, da lokutan da kake hawa, da sunaye da hotunan zaurukan da kake ciki. Ga ɗan jarida da majiyarsa, sanin wa ya yi magana da wa kaɗai ya isa ya jawo bala'i. A kan yadda ake tattara bayanan mutane da rarraba su ne hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye a Najeriya ta ci tarar Meta dala miliyan 220 a watan Yulin 2024. Signal kuwa, da wata kotu a jihar Bajiniya ta Amurka ta nemi bayanan masu amfani da ita a 2016, abin da ta iya bayarwa shi ne ranar da aka buɗe asusu da ranar ƙarshe da aka hau. A wannan fannin masu cewa Signal ta fi sun yi gaskiya. Matsalarta ɗaya, 'yan uwanka da abokan cinikinka ba sa can.

Amma ga mafi yawan mutane, ta wajen wayar ne ɓarnar ke shigowa, kuma nan ne masu musun ba su cika tsayawa ba.

Ɗauki kwafin hira da WhatsApp ke ajiyewa a Google Drive ko iCloud. Ɓoye shi daga ƙarshe zuwa ƙarshe zaɓi ne da aka kawo a Oktoban 2021, ba ya kunna kansa. Shiga saituna, sai sashen hira, sai ajiyar kwafi, a nan za ka ga wurin kunna shi, ka sa kalmar sirri ko ka karɓi makulli mai lamba 64. Rubuta shi a takarda ka adana, domin in wayar ta ɓata kuma ka manta shi, kamfanin ba zai iya dawo maka da komai ba. Ko ka kunna naka, in abokin hirarka bai kunna nasa ba, maganarku tana can a kwafinsa. Haka nan in ya danna wurin kai ƙara, saƙonninka biyar na ƙarshe za su tafi kamfanin a buɗe. Hoton allo kuwa babu lissafin da ke hana shi, ko an toshe shi a manhaja sai a ɗauka da wata wayar.

Sai satar asusu, wadda ta zama ruwan dare a zaurukan tsofaffin ɗalibai da na unguwa. Wani ya kira ka ya ce daga shugabannin zaure yake, za a yi taro ta intanet, an turo maka lamba shida, ka karanto masa. Lambar rajistar asusunka ce. Da ka faɗa, ya buɗe WhatsApp ɗinka a wayarsa. Ba zai ga tsofaffin hirarraki ba, amma yana cikin duk zaurukanka da sunanka, yana neman rance daga mutanenka, kuma duk sabon saƙo da aka turo wayarsa ce ke buɗewa, domin yanzu ita ce ƙarshen. Haka in aka yi wa layinka welkam bak ba da saninka ba. Maganinsa tabbatarwa mai mataki biyu: a saituna, ƙarƙashin asusu, ka sa lambar sirri shida da imel. In an riga an sace, sake yin rajista da layinka, wannan zai fitar da ɓarawon, sai dai in ya riga ka sa lambar sirrin, za ka jira kwana 7. A duba jerin na'urorin da aka haɗa kuma, domin mai riƙe wayarka na minti ɗaya zai iya haɗa ta da kwamfutarsa ya riƙa karanta komai.

Manhajojin da aka yi wa kwaskwarima irin su GB WhatsApp, da ake so don ɓoye hawa ko ganin saƙon da aka goge, su ne mafi muni. Makullin sirrin yana cikin manhajar da ba ka san wanda ya haɗa ta ba, kuma kamfanin na rufe asusun masu amfani da su. A can sama kuma akwai manhajojin leƙen asiri irin su Pegasus na kamfanin NSO na Isra'ila, wanda a 2019 aka bi ta wata kafa a kiran WhatsApp aka kai wa mutum kusan 1,400 hari da shi, ko ba su ɗaga kiran ba. Irin wannan yana karanta saƙo ne bayan wayar ta buɗe shi. A Maris na 2025 ma, manyan jami'an tsaron Amurka sun tattauna harin Yaman a zauren Signal bayan an sa editan mujallar The Atlantic a ciki bisa kuskure. Ɓoyewar ta yi aikinta, ta kai saƙon ga duk wanda ke cikin zauren.

Saura tambaya ɗaya da masana ke yi: ta yaya za ka san makullin fili da sabar ta ba wayarka na abokinka ne, ba na wani da ya shiga tsakani ba? Buɗe hirar, taɓa sunan mutumin a sama, shiga wurin ɓoyewa. Za ka ga lamba 60 da alamar QR. In kuna tare, ɗaya ya ɗauki alamar ɗaya da kyamara, alamar kore ta fito. In kuna nesa, ku karanta wa juna lambobin ta wata hanya daban, ba cikin hirar da ake tantama a kanta ba. Ka kuma kunna sanarwar tsaro a saituna, domin a gaya maka duk sanda lambar wani ta canza. Yawanci sabuwar waya ya saya ko ya sake sauke manhajar, amma idan canjin ya zo tare da neman kuɗi ko neman wata lamba, kira shi ta layi ka ji muryarsa kafin ka tura komai.